Alhaji Umaru na Salga, malamin da yaƙi ya raba da kasuwar Gwanja

A ƙarshen shekarar 1892 yaƙi ya ci garin Salaga, wanda fatake ke kira Salga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Rikicin gadon sarauta ne ya tashi tsakanin ƴaƴan gidan sarautar Gwanja, amma wutar ta fi cin baƙi mazauna garin: Hausawa, Barebari, Wangarawa, Yarabawa da Mosawa, waɗanda ba su da ko ɗan takara a rikicin. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai wani malami ɗan Kano mai shekara talatin da ƴan kai, wanda bai daɗe da sauke kayansa a garin ba. Sunansa Umaru ɗan Abubakar. Daga baya aka san shi da Alhaji Umaru na Salga, wasu kuma su ce Alhaji Umaru Karaki ko Imam Imoru. Ya rayu shekara arba'in da biyu bayan wannan yaƙi, kuma mafi yawan abin da ya rubuta a cikinsu yana komawa ne kan tambaya guda: yaya aka yi ƙasa mai sarakuna da dawaki da dukiya ta zube haka cikin ƴan shekaru?

An haife shi a Kano wajen shekarar 1858. Mahaifinsa Abubakar asalinsa mutumin Kabi ne, kuma falke ne mai fataucin goro, shi ya sa a rubuce-rubucensa na Larabci Umaru yake jingina kansa ga Kabi da Kano da Salga gaba ɗaya. Ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya shiga karatun littattafai, sannan ya bi malamai zuwa ƙasashen Sakkwato da Kabi. Tun yana saurayi yake bin ayarin Gwanja. A 1877, kafin ya cika shekara ashirin, ya rubuta wani ɗan littafi na Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa, abin da duk ɗan falke yake bukata, domin a wancan zamani bashi da amana da labarin farashi duk a takarda suke tafiya.

Hanyar Gwanja doguwa ce, ta watanni. Ayari kan tashi daga Kano ko Jega a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa, baƙin turkuɗi, fatun da aka jeme da sauran kaya, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya biyo ta Sansanne Mango zuwa Yendi, fadar sarkin Dagomba, daga nan ya gangara Salaga. Wata hanyar ta fi karkata arewa, ta ƙasar Gurma da Mosi, ta shigo ta Bawku da Gambaga. A kowane masauki akwai zango, kuma daga waɗannan zangunan ne unguwannin Hausawa na yau suka samo sunansu.

Ita Salaga ba ta noman goro. Goro daga kurmin Asante yake fitowa, ƙasar mutanen da Hausawan da ke kira Tonawa. Tun tsakiyar ƙarni na 18, zamanin Opoku Ware, Asante ta rinjayi Gwanja da Dagomba, tana karɓar haraji a hannunsu, kuma bayi ne babban ɓangaren harajin. Sarakunan Kumasi ba su son fataken arewa su riƙa kutsawa cikin kurmi, don haka suka mai da Salaga mahaɗa: Asantawa su kawo goro, ƴan arewa su kawo kayansu, a yi ciniki a gidajen fatoma ta hannun dillalai. Garin ya cika ya batse, har ana yi masa kirari da yawan rijiyoyi. Ba a kuma ɓoye ɗaya fuskar kasuwar: Salaga na cikin manyan kasuwannin bayi na Afirka ta Yamma, kuma a shekarun 1880 yawancin waɗanda ake kawowa mutanen Gurunsi ne da mayaƙan Zabarmawa na Babatu suka kamo. Fataken Hausa suna cikin masu saye. Dukiyar da ta ciyar da makarantu da masallatan garin, har da irin wannan kuɗi a cikinta.

Tushen yaƙin 1892 yana can baya da shekara goma sha takwas. A watan Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya iso arewa, sai ƙasashen da ke biyan haraji suka ga dama ta samu. A Salaga aka far wa Asantawa mazauna garin, aka kashe da yawa. A kudu da ita, babban bokan tsafin Dente na Krachi ya haɗa kan garuruwan da ke bakin kogin Volta suka toshe hanya. Mutanen Gwanja sun sami ƴancin kai, amma sun sare reshen da suke zaune a kai. Asante ta karkatar da goronta zuwa Kintampo, fatake suka fara bin goro inda ya koma, kuɗin shiga ya ragu wa sarakunan Gwanja. Sarkin da ya saba da samu, idan samu ya ragu, wuyan talaka da baƙo yake kamawa. Ƙorafin ƙwace da zalunci ya yawaita a kasuwa da kan hanyoyi.

A kan wannan ne rikicin sarauta ya zo ya ɗora. Sarkin da ke iko da Salaga ba a cikinta yake zaune ba, yana Kpembe, ƴar tafiya kaɗan daga kasuwa, ana kiransa Kpembewura. Gidaje uku ne suke karɓa-karɓa a wannan gado: Lepo, Singbung da Kanyase. Gidan Kanyase ya daɗe yana ganin an mai da shi saniyar ware. Da Napo na gidan Lepo ya hau, sai Isifa, wanda ke riƙe da sarautar Kabachewura a gidan Kanyase, ya ƙi miƙa wuya. Ƙarfinsa shi kaɗai ba zai kai ba, don haka ya nemi taimako daga waje, ya samu mayaƙa daga Nanumba da Dagomba, zamanin da Ya Na Andani ke sarauta a Yendi. A watan Disambar 1892 aka gwabza. Napo ya sha kaye ya bar Kpembe a guje, Isifa ya hau gado.

Yaƙin kansa bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya kashe Salaga shi ne wasoso. Mayaƙan haya ba su zo don gyara tsarin karɓa-karɓa na Gwanja ba, ganima suka zo nema, ganima kuwa tana gidajen fatake. Aka washe rumbuna, aka ƙone gidaje, aka kama mutane. Kasuwa irin ta Salaga ba ta da ganuwa sai amana: falke yana barin kayansa a gidan fatoma wata da watanni domin ya san zai dawo ya tarar da su. Ranar da wannan ta karye, ba wanda ya jira a ba shi haƙuri. Isifa ya yi ta kiran mutane su dawo, amma ya ci gado ne a kan kango.

Mutanen Salaga suka watsu. Wasu suka nufi Yeji da Atebubu da Kintampo, wasu Yendi, wasu suka gangara har Kumasi da Accra, da yawa kuma suka bi kogin Volta zuwa Kete-Krachi. Iyalai da dama a zangunan Gana da Togo, idan aka bi salsalarsu, ana tarar da kaka ko kakan kaka da ya fito daga Salaga a wannan gudun. Malamai ma sun tafi da littattafansu da almajiransu, shi ya sa karatun da a da yake tattare a gari ɗaya ya bazu zuwa garuruwa da yawa.

Malam Umaru shi ma ya bar garin, kuma wajen 1896 ya zauna a Kete-Krachi. Garin biyu ne a haɗe: Krachi ta ƴan ƙasa masu tsafin Dente, da Kete, zangon baƙi Musulmi, wanda gudun Salaga ya kumbura shi. Kafin zuwansa wani sabon mai iko ya riga ya sauka. A 1894 Jamusawa suka iso, suka kama babban bokan Dente suka harbe shi, suka kafa bariki. Ga fataken da suka sha wuya a hannun bokan, wannan sauƙi ne, kuma daga nan dangantakar zangon Kete da Jamusawa ta fara. A nan Umaru ya buɗe makaranta, daga baya ya zama limamin garin.

Daga Kete-Krachi ya kalli yaƙi na biyu, wanda ya fi na farko girma. Tun 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniya cewa wani yanki da ya haɗa da Salaga da Yendi zai zauna ba na kowa ba a tsakaninsu. Ba a tambayi Kpembewura ba, ba a tambayi Ya Na ba. Kowane ɓangare kuma yana zagayawa ta bayan fage. Ingila ta aiki George Ekem Ferguson, ɗan ƙabilar Fante mai aikin safiyo, ya yi ta ƙulla yarjejeniya da sarakunan arewa a 1892 da 1894. Faransawa suna gangarowa daga ƙasar Mosi. Jamusawa kuma suna son buɗe hanya zuwa Sansanne Mango kafin a riga su.

A ƙarshen 1896 wata rundunar Jamus ta tashi daga Kete-Krachi ɗin nan da Malam Umaru yake zaune, ƙarƙashin Dakta Gruner da Laftanar von Massow. Ta fasa Nanumba a Bimbilla, sannan a ranar 4 ga Disambar 1896 ta haɗu da rundunar Dagomba a Adibo, kudu da Yendi. Dagomba sun fito da dubban mayaƙa, da dawaki da ƴan baka da masu bindigar harba-ka-ruga. Sojojin Jamus kuwa ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, sai dai bindigoginsu na zamani ne, masu cin nisa da saurin ɗuri. Ɗaruruwan Dagomba suka faɗi a fili, aka shiga Yendi aka sa mata wuta. Shekara huɗu ke nan cif bayan mayaƙan Dagomba sun taimaka wajen washe Salaga.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba. Sojojin da Turawa suka ci wannan ƙasa da su, baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa. Rundunar Ingila a Gold Coast ma da sunan Hausawa ake kiranta, Jamusawa su ma irin mutanen suke ɗauka. Wasu bayi ne da suka tsere, wasu ƴan ci-rani ne da suka ga albashi. Saboda haka a wannan yaƙi ana iya samun Bahaushe a cikin ayarin da aka tare, da Bahaushe a cikin sojan da ya tare shi, da Bahaushe mai yin tafinta a tsakani.

Sauran aikin a kan tebur aka ƙarasa shi. A 1898 Ingila da Faransa suka ja iyakar arewa. A watan Nuwambar 1899 Ingila da Jamus suka raba yankin da suka ce ba na kowa ba ne, cikin yarjejeniyar da ta haɗa har da tsibiran Samowa da ke can tekun Pasifik. Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus, kogin Daka ya zama iyaka. Gambaga da ƙasar Mamprusi suka tafi ga Ingila, Mango ta tafi ga Jamus. Masarautar Dagomba ta rabu biyu, sarki a gefe ɗaya, rabin talakawansa a ɗaya gefen. Bawku ta tsinci kanta a lungu, Faransa a arewa, Jamus a gabas, Ingila a kanta. Falken da a da yake biyan fito da gaisuwa ga sarakunan hanya, yanzu sai ya biya kuɗin ayari ga Bature, wani lokaci ga Turawa iri biyu ko uku kafin ya kai goro gida. Shi ma Babatu, wanda ya addabi Gurunsi shekara da shekaru, ƙarfinsa ya ƙare a hannun Faransawa da ƴan tawayen cikin rundunarsa, ya koma Yendi ya zauna har ya mutu, kabarinsa yana can.

A waɗannan shekaru ne Malam Umaru ya yi rubutun da ya fi shahara da shi. Tsakanin 1899 da 1901 ya yi dogayen waƙoƙi biyu na Larabci kan zuwan Turawa. A 1903, shekarar da Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, ya yi ta Hausa, wadda aka sani da Waƙar Nasara. Salonsa a cikinsu na mai lissafi ne. Yana jero garuruwa da ƙasashe da sarakuna ɗaya bayan ɗaya, daga bakin teku har cikin ƙasar Hausa da Barno, yana nuna yadda kowa ya faɗi. Hankalin ɗan falke ne wannan: mutumin da ya san hanyoyi, yake karɓar labari daga kowane ayari, ya gane tun da wuri cewa abin da ya sami Yendi da abin da ya sami Kano abu guda ne, alhali kowane sarki yana ganin nasa bala'in shi kaɗai ya shafa. Ya kuma bayyana dabarar yadda ya gan ta, cewa baƙin sun fara zuwa da lallami da sunan ciniki da zaman lafiya, sai da suka san ƙasa suka fito da ƙarfi.

A 1904 ya koma kan Salaga da wata waƙar Larabci mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan, wato faɗakar da ƴan'uwa ta hanyar tuna baƙin ciki. A nan bai ɗora wa Bature laifi ba, domin ba Bature ne ya washe Salaga ba. Mutanen garin ya tuhuma, masu mulki da talakawa, da zalunci da cin amana da sakaci da addini, ya ɗauki yaƙin a matsayin sakamakon abin da hannuwansu suka shuka. Mai karatu na yau zai ga cewa malamin ya fi ba halin mutane nauyi a kan batun karkatar goro zuwa Kintampo, kuma wannan kallon mai wa'azi ne. Duk da haka, shaidar wanda ya ga abu da idonsa ce, kuma masu binciken tarihin Gwanja har yau ba su iya wuce ta.

Mutumin da ya yi waɗannan waƙoƙi shi ne kuma ya zauna da Jamusawa lafiya. Tun a Salaga ya san Gottlob Adolf Krause, Bajamushen da Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete-Krachi kuma ya yi shekaru yana aiki da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya zama jami'in mulki, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Saboda Mischlich ne Umaru ya zauna ya rubuta da ajami dogon bayani kan ƙasar Hausa: tarihin garuruwa, noma, rini, saƙa, kasuwanci, aure da zaman iyali. Wasu na iya ganin saɓani a nan, a ce ya zagi Nasara da alƙalami ya kuma ci abinci da su. Amma limamin baƙi ne a ƙasar da ba tasu ba, ba shi da runduna, jama'arsa kuma sun riga sun ga abin da yaƙi ke yi wa mai kaya a kasuwa. Ya zaɓi ya riƙe makaranta da masallaci, ya kuma rubuta abin da ya gani ba tare da ya sassauta ba. Ribar wannan zaɓi ita ce bayanin ƙasar Hausa ta kafin Turawa daga bakin ɗan ƙasa, irin wanda ba a da shi da yawa.

A 1913 ya tafi aikin hajji, kuma a wannan tafiya ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a Madina. Yana can duniya ta sake juyawa. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, kuma Togo ce mulkin mallakar Jamus na farko da ya faɗi: sojojin Ingila daga Gold Coast da na Faransa daga Dahomey suka shiga, Jamusawa suka miƙa wuya a Kamina ranar 26 ga Agusta, ƙasa da mako uku da fara faɗa. Waɗanda suka ƙone Yendi shekara goma sha takwas da suka wuce suka fita kamar ba a yi su ba. Yendi da Kete-Krachi suka koma hannun Ingila, Dagomba ta sake haɗewa a ƙarƙashin Bature guda. Da Alhaji Umaru ya dawo, sai ya tarar da sabuwar tuta a bariki. Bayan yaƙi kuma annobar mura ta 1918 ta biyo hanyoyin da sojoji da fatake ke bi, ta kashe mutane ba adadi. Ita ma ya yi mata waƙa da Larabci, wadda aka sani da Tunkuyawa, inda ya bayyana alamomin cutar dalla-dalla.

Salaga kuwa ba ta sake tashi ba, ko da zaman lafiya ya dawo. A 1907 Turawan Ingila suka mai da Tamale hedikwatar arewa. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Goro ya koma bin jirgin ruwa daga bakin tekun Gold Coast zuwa Legas, daga can a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa Kano cikin ƴan kwanaki. Jaki da madugu ba su da abin yin gasa da wannan. Ƴaƴan fataken suka koma Kumasi da Accra da Sekondi, kusa da tasha da tashar jiragen ruwa.

Shekarunsa na ƙarshe a karantarwa suka tafi. Almajirai suna zuwa masa daga zanguna na nesa, su koma su zama limamai da malamai a garuruwansu. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata, wadda ta nuna yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi su girmama mai shi, ya kuma juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa. Ya rasu a Kete-Krachi a 1934, yana da shekara kusan saba'in da shida.

Iyakar da ya gani ana ja ta sake motsawa bayansa. A ƙuri'ar raba gardama ta 1956 yankin Togo na Ingila, wanda ya haɗa da Yendi da Kete-Krachi, ya zaɓi haɗewa da Gold Coast, ya shiga cikin Gana a 1957, Mango kuma ta zauna a Togo mai magana da Faransanci. A farkon shekarun 1960 masu bincike na Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon suka zaga gidajen malamai suna ɗaukar hoton tsofaffin takardu, suka yi ta cin karo da kwafin waƙoƙinsa a garuruwa daban-daban, almajirai sun kwafa da hannu sun adana. A daidai wannan lokaci ake gina madatsar ruwa ta Akosombo. Da tafkin Volta ya cika a tsakiyar shekarun 1960, ruwa ya shanye tsohuwar Kete-Krachi da zangonta, aka kwashe mutanen zuwa sabon gari a kan tudu.